Wasiƙa: Damuwar da ke cin mutum a tsaye, da abin da birai suka nuna wa wani masanin ƙwaƙwalwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita dan Allah ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu, nasan wasiƙar tawa zata yi tsayi amma a yi mun uzuri, abin ne ya daɗe yana cina a rai kuma ban ga inda zan kai shi ya isa ga jama'a da yawa ba in ba jaridarku ba.

Yayana ne, wanda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutum ne da a da in ka gaya mishi lambar waya sau ɗaya shikenan ta zauna, mai raha, yara basa rabuwa da jikinsa. Sai aka mishi canjin wajen aiki ya faɗa ƙarƙashin wani oga, shekara huɗu yayi a hannunsa. Ni ba zan ce aikin ne yayi yawa ba, dan Yaya ya saba da aiki tun muna yara. Abin da ya ci shi shine ogan bashi da tsayayyen hali, yau ya yaba maka gobe a kan irin wannan aikin dai ya zage ka tas a gaban kowa, ya kira ka ƙarfe sha ɗayan dare yace yana son abu kaza kafin gari ya waye, in ka kai mishi da safe yace wa ya saka, ga maganar rage ma'aikata kullum tana yawo babu wanda ya san sunan wa ke cikin takardar. Yaya bashi da ta cewa a komai, ko ranar hutunsa ba shi ke da ita ba.

Wata rana ina zaune dashi a falo wayarsa na kan tebur sai tayi ɓurr. Wallahi da idona na ga hannunsa yana rawa kafin ma ya kai ga ɗaukarta, goshinsa ya tsattsafo da gumi. Da ya duba ashe saƙon talla ne na kamfanin waya. Ya ajiye, yayi ɗan murmushi, amma har bayan minti goma ina kallon jijiyar wuyansa tana harbawa. A wannan yammacin ne 'yarsa 'yar shekara huɗu ta yar da kofi ya fashe, ya daka mata wata tsawa da sai da ta shige ƙarƙashin tebur ta toshe kunnuwa, shi kuma ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ina jin shesshekarsa ta bayan ƙyaure. A lokacin ya riga ya fara mantuwa, makulli a hannunsa yana neman makulli, ƙarfe ukun dare ido biyu, likita kuma ya riga ya ce mishi jininsa ya hau.

Me muka ce mishi? Ka yi haƙuri. Kowa da irin tasa. Kai fa namiji ne. Ka rage tunani. Har akwai wanda yace rashin tawakkali ne. Ni kaina na faɗa mishi wasu daga cikin waɗannan kalaman kuma har yau in na tuna sai inji ba daɗi, dan daga baya ne na gane tamkar ka ce wa wanda ya karye a ƙafa ya rage ɗingishi ne.

Abin da ya buɗe mun ido wasu laccoci ne da na ci karo dasu a intanet na wani farfesa a jami'ar Stanford ta Amurka, Robert Sapolsky, masanin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Daga nan na shiga bin aikinsa da na malaminsa da wasu ire-irensu. Ni ba likita bane, mai karatu ne kawai, amma abin da na fahimta nake so in baje a nan.

Bayanin nasa ya fara ne daga jakin dawa. Zaki ya biyo shi, cikin daƙiƙa jikinsa ya juye gaba ɗaya: zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, suga ya kwararo cikin jini dan cinyoyi su samu ƙarfi, narka abinci ya tsaya, gyaran jiki ya tsaya, sha'awa ta tsaya, dan duk waɗannan zasu iya jira, tsira ce ba zata jira ba. Sinadarin adirinalin, mai zaburar da jiki nan take, shi ke fara zuwa. Bayansa wani sashe a gindin ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus ya aika saƙo ga wani ɗan ƙullu da ke ƙarƙashinsa, fituwitari, shi kuma ya aika ga wasu 'yan ƙulluka biyu da ke zaune a saman ƙoda, su ne ke sako kotizol, wato sinadarin damuwa. Bayan 'yan mintuna ko dai zaki ya kama shi ko ya tsira, in ya tsira sai ka ganshi ya koma cin ciyawarsa, komai na jiki ya koma mazauninsa. Toh mu 'yan Adam irin wannan na'urar ce sak a jikinmu, sai dai mu bama buƙatar zaki. Tunanin bashi ya ishe mu, ƙarar waya ta ishe mu, tuna wata magana da aka gaya mana shekara biyu baya ta ishe mu mu kunna ta, kuma mu barta a kunne wata da watanni. Abin da aka halitta dan ya ceci rai na minti uku in ya zama na kullum shi ke komawa hawan jini, ciwon suga ya ƙara tsanani, garkuwar jiki tayi rauni, barci ya ƙaurace. Wannan ne abin da na gani a wuyan Yaya ranar, jikinsa ya gama shirin gudun ceton rai a kan saƙon talla.

Kuma maganar ba sabuwa bace. Tun 1936 wani likita a Montiriyal ta Kanada, Hans Selye, ya lura cewa ɓerayen da ya wahalar ta hanyoyi daban-daban, sanyi ne, rauni ne, allura ce, duk alamu iri ɗaya suke nunawa: ƙullukan saman ƙoda sun kumbura, sassan garkuwar jiki sun motse, ciki yayi gyambo. Amma wanda ya kai maganar cikin ƙwaƙwalwa shine malamin Sapolsky, Bruce McEwen na jami'ar Rockefeller a Niyok, wanda ya rasu a 2020. A 1968 ya gano cewa sinadarin damuwa yana shiga ƙwaƙwalwar ɓera ya maƙale a wani sashe da ake kira hifokamfus. Wannan sashen shi ke riƙe da ajiye sabon abu a ƙwaƙwalwa, inda ka ajiye makulli, abin da aka gaya maka ɗazu, kuma yana cikin masu cewa jiki ya isa haka a kashe kotizol. Kaga kenan in damuwa ta raunana shi, birkin ne da kansa ya samu matsala.

Abin da suka gani a madubin likita ya tsaya mun a rai. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna da rassa kaman bishiya, ta nan suke karɓar saƙo daga junansu. Ɓeran da aka takura shi awa shida kullum na tsawon kwana 21, rassan nan na hifokamfus sai su gajarce su ragu, kaman bishiyar da aka yi wa sassabe. Haka ma a sashen gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, wanda shi ke sa mutum ya tsara abu, ya danne fushi, ya auna magana kafin ya faɗe ta. Amma akwai wani sashe, amigdala, mai kula da tsoro da fargaba, shi kuma akasin haka ne ke faruwa dashi. A 2002 wasu masana a Bangalo ta Indiya ƙarƙashin Sumantra Chattarji suka nuna cewa a ɓeran da ke cikin doguwar takura rassan amigdala ƙaruwa suke suna yaɗo. Toh ka haɗa hoton da kanka Malam Edita: ma'ajiyar tunawa ta motse, mai danne fushi yayi rauni, mai ƙararrawar tsoro ya ƙara ƙarfi. Mutum ya zama mai mantuwa, mai saurin hasala, mai firgita da ƙaramin motsi. Da na karanta wannan sai da na ajiye wayar na yi shiru, dan Yaya aka siffanta mun ba tare da an taɓa ganinsa ba.

Yanzu bari in zo kan biran, dan nan ne zuciyar maganata take. A 1978 Sapolsky yana ɗan shekara 21 ya tafi Kenya, yankin dajin Masai Mara, ya fara bin wani garken gwaggon biri, kuma sama da shekara 20 yana komawa duk shekara wajensu. Ya zaɓe su ne dan a wannan dajin basu da wata wahalar abinci, kaman awa uku a rana ya ishe su su cika ciki, namun dawa ma basu cika damunsu ba, saboda haka ragowar yinin a kan junansu yake ƙarewa: wane ya fi wane, wa zai kori wa daga inuwa, wa zai ƙwace abin hannun wa. Damuwarsu irin tamu ce, daga ɗan uwa take zuwa. Yanda yake auna su kuwa, sai ya laɓe ya hura musu allurar barci ta bututu, ba tare da birin ya ganshi ba kuma a lokaci ɗaya na safiya, dan in ya ankara tsoro zai canza jinin, sannan ya ɗebi jini cikin 'yan mintuna.

Ya samu cewa mazan da ke ƙasa a matsayi, waɗanda kowa ke hucewa a kansu, kotizol ɗinsu a sama yake ko suna zaune lafiya, kitsen jini mai amfani yayi ƙasa, ƙwayoyin garkuwa sun ragu, jini na hawa. Birin da ke kwance yana hutawa sai kawai wani babba da ya sha kaye a faɗa da wani ya zo ya gartsa mishi cizo ba gaira ba dalili, bai san yaushe ba, bai san daga ina ba, kuma babu yanda zai yi. Amma ba matsayi kaɗai bane. A shekarun da shugabanci ya rikice ana ta juyin mulki a garken, na saman ne jininsu ke cika da kotizol. Wasu masanan da ke bin birai a Amboseli, a Kenyan dai, sun wallafa a 2011 cewa na ɗaya a garke yakan fi na biyu yawan sinadarin damuwa, dan kullum cikin kare kujera yake. Sannan birin da ke da abokan zama, wanda ake tsince mishi kaska shima yana tsince wa wasu, yana wasa da jarirai, nasa kotizol ɗin ƙasa yake ko da ba wani babba bane.

Akwai kuma wani bincike da ya ɗan tayar mun da hankali, amma dole in faɗe shi. Wani masani Jay Weiss ya yi gwaji da ɓeraye ana basu ɗan shokin lantarki daidai wa daida. Wanda ake kaɗa mishi ƙararrawa kafin shokin ya zo bai cika yin gyambon ciki ba, wanda ke da wani maɓalli da zai danna ya tsayar da abin shima haka, wanda kuwa abin ke zuwar mishi kwatsam kuma bashi da abin yi shine cikinsa ke lalacewa. Wahalar ɗaya ce, bambancin sani ne da iko. An kuma ga cewa ɓeran da ya samu katako ya gwagwiya, ko ya samu wani ɓeran ya ciza, yana samun sauƙi. A birai ma haka, mai sauke fushinsa a kan na ƙasa dashi jininsa ya fi kwanciya. Wato huce haushi a kan wani yana yi wa mai yinsa aiki, shi yasa yake da wuyar bari, shi yasa yake gangarowa daga oga zuwa ma'aikaci, daga ma'aikaci zuwa matarsa, zuwa yarinya 'yar shekara huɗu da kofi ya suɓuce mata. Ban kawo wannan dan in wanke kowa ba, tsawar da Yaya yayi wa 'yarsa kuskure ce kuma shi ya fi kowa sanin haka. Na kawo ne dan a gane ruwan nan daga sama yake gangarowa, kuma wanda ke can ƙasa shi ke shanye shi.

Wani zai ce ai biri daban mutum daban. Gaskiya ne. Toh amma ga binciken Whitehall a Ingila, wanda aka fara a 1967 a kan ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000, Michael Marmot ya yi suna a kansa. Duk masu albashi ne, duk suna da asibitin gwamnati, babu mai kwana da yunwa. Amma masinjoji da masu tsaron ƙofa, na ƙasan tsani, mutuwarsu ta ninka ta manyan jami'ai kusan sau uku a tsawon shekarun da aka bi su, kuma abin hawa-hawa ne, kowane mataki ya fi na ƙasansa lafiya. Shan taba da ƙiba da makamantansu wani kaso kawai suka iya bayyanawa na tazarar. Da aka sake zagaye na biyu daga 1985 da mutum sama da 10,000 maza da mata, ɗaya daga cikin abubuwan da suka fito fili shine rashin ta cewa a wajen aiki, wanda bashi da iko a kan yanda zai yi aikinsa ya fi haɗarin ciwon zuciya. Mu kuwa kullum ɗauka muke mai babbar kujera shine damuwa zata kashe.

Shi yasa nake ganin wa'azin rage damuwa da ake yi wa wanda abin ya dama, shi kaɗai, akwai rashin adalci a ciki. Ana ce mishi ya yi numfashi, ya rage tunani, ya yi haƙuri, amma wanda ke riƙe da maɓallin babu mai ce mishi uffan. Duk wanda wani ke ƙarƙashinsa, oga ne, maigida ne, uwa ce, malami ne a aji, ya sani cewa halinsa yana shiga jinin mutanen nan. Ka gaya wa ma'aikacinka abin da kake so tun da wuri. In za a rage mutane a faɗa a sani. Kar ka zama wanda in an ji takunsa ba a san da wace fuska zai shigo ba. Wannan ko sisi baya ci, kuma daga abin da Weiss ya gani shi kansa sanin abin da ke tafe magani ne.

Ga labarin da ya fi komai bani ƙwarin gwiwa. A farkon shekarun 1980 wani masaukin 'yan yawon buɗe ido da ke kusa da dajin ya faɗaɗa ramin zubar da shararsa. Mazan garken Sapolsky mafiya ƙarfi da faɗa, su ne kaɗai ke iya zuwa su yi kokawa da wani garken a kan juji, suka riƙa sammako can. Sai aka zubar da naman shanu mai ɗauke da tarin fuka. Daga 1983 zuwa 1986 duk mazan da ke zuwa jujin suka mutu, kusan rabin manyan mazan garken kenan, kuma su ne azzaluman. Aka bar mata da yawa da maza masu sanyin hali. Zaman garken ya canza, cizon ba gaira ba dalili ya ragu sosai, tsince wa juna kaska ya ƙaru. Toh wannan ba abin mamaki bane tunda masu faɗan sun mutu. Abin mamakin shine gwaggon biri namiji baya zama a garken da aka haife shi, in ya balaga ƙaura yake. Zuwa 1993 babu ko ɗaya daga cikin mazan farko da ya rage, duk baƙi ne da suka taso a garkunan da ake cizo da duka, amma zaman lafiyar na nan. Matan garken, da yake su ba a takure suke ba, sukan kusanci baƙo su fara tsince mishi jiki cikin kaman sati uku, a sauran garkuna kuwa sai ya haura wata biyu babu mai kula shi. A hankali baƙon sai ya sauke. Da aka auna jinin na ƙasa a wannan garken ba a samu hawan kotizol ɗin nan da aka saba gani ba. Sapolsky da matarsa Lisa Share suka wallafa wannan a 2004. A lokacin ma akwai na sama akwai na ƙasa a garken, ba a daina faɗa kwata-kwata ba, amma kasancewa a ƙasa ya daina zama ciwo.

Sannan ita ƙwaƙwalwar tana farfaɗowa, wannan ma a sani. Rassan hifokamfus da suka motse a ɓera suna sake tohowa in an ɗauke takurar. A 2009 McEwen da abokan aikinsa Conor Liston da B. J. Casey suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar ɗaliban likitanci 20 da ke tsakiyar shirin wata babbar jarabawa, suka ga sashen gaban goshi baya aiki yanda ya kamata kuma suna shan wuya wajen juya hankali daga abu zuwa abu. Bayan wata ɗaya da gama jarabawar aka sake aunawa, sun dawo daidai da kowa. Sai dai amigdala ita tana da naci, masanan Bangalo sun ga ko bayan kwana 21 na hutu rassanta basu koma ba kuma ɓeran na nan da fargabarsa. Na ga gaskiyar wannan a gida. Da Allah ya sa aka mayar da Yaya wani sashen, mantuwar ce ta fara tafiya, barci ya biyo baya, amma firgita da ƙarar waya ta fi shekara bata sake shi ba.

Ina so in ja kunne a kan abu ɗaya dan kar a ɗauki maganata a kai ta inda ban nufa ba. Ba kowane ciwo bane damuwa. Shekara da shekaru likitoci na cewa damuwa ce ke kawo olsa, sai wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce a ciki ke haddasa mafi yawanta, har Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984 dan ya tabbatar, kuma suka samu kyautar Nobel a 2005. Damuwa na iya ƙara rura wutar amma maganin ƙwayar daban ne. Haka kuma wani bincike na 2002 a kan tagwaye, ɗaya ya je yaƙin Biyetnam ɗaya bai je ba, ya nuna cewa wasu mutanen dama can da ƙaramin hifokamfus suke kuma hakan na sa tashin hankali ya fi yi musu illa. Kenan mutane ba ɗaya suke ba, abin da wane ya ɗauka ya wuce wani kayar dashi zai yi, kuma wannan ba ragwanta bace. Mai ciwon ƙirji ko ciwon ciki ko hawan jini ya je a auna shi. Wanda kuma ya kai sati biyu ko fiye baya jin daɗin komai, abinci baya shiga, barci ya lalace, yana jin shi ba kowa bane, ko tunanin gara ma ya mutu ya fara zuwar mishi, wannan ya wuce a ce mishi ya yi haƙuri, ciwon damuwa ne kuma yana da magani, na sha da na zama da ƙwararre a tattauna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 280 ne ke fama dashi a 2019, kuma sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara. Zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa ba hauka bane. Kuma addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyin juna bane, Yaya ya haɗa su duka biyun.

Abin da mutum zai iya yi wa kansa shima yana nan, ban raina shi ba. Tafiya a ƙasa ma kaɗai, wani gwaji na 2011 a Amurka da dattawa 120 ya nuna waɗanda suka riƙa tattaki na minti 40 sau uku a sati na shekara guda hifokamfus ɗinsu ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, a shekarun da ya kamata ace raguwa yake. Barci isasshe. Da kuma mutum ɗaya tak da zaka zauna dashi ka faɗi abin da ke ranka ba tare da ya katse ka da nasiha ba. Wannan na ƙarshen shine abin da muka kasa yi wa Yaya na tsawon lokaci, muna ta bashi magana alhali kunne yake nema.

Yarinyar ce ma ta fi tsaya mun a rai yanzu. Michael Meaney na jami'ar McGill a Kanada ya nuna cewa 'ya'yan ɓeran da uwarsu ke yawan lasarsu a satin farko suna tashi da birkin damuwa mai ƙarfi, basa saurin firgita har girmansu, kuma in aka ɗauki ɗan wata uwar aka ba mai yawan lasar, halin mai renon yake ɗauka. Ɓera ne dai, amma ya isa ya sa mutum ya kula da abin da ƙananan yara ke sha a gidan da babba ke cikin matsi. Matar Yaya ce ta fara lura 'yar ta daina zuwa tarar babanta a ƙofa, da ta ji ƙarar makulli sai ta nemi bayan uwarta.

Malam Edita roƙona shine ku ware fili a shafinku na lafiya, ko sau ɗaya a wata, ku gayyato likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam su yi wannan bayanin da Hausa, su amsa tambayoyin masu karatu ba tare da an buga sunan kowa ba, kuma su gyara mun in na yi kuskure a wani wajen. Ku kuma riƙa tambayar shugabannin ma'aikatu da kamfanoni, in kuna hira dasu, yanda suke tafiyar da na ƙasa dasu.

Yaya yanzu da sauƙi alhamdulillahi, yana shan maganin hawan jininsa, yana zuwa ganin likitansa duk bayan wata biyu, kuma ya cire ƙarar wayarsa gaba ɗaya daga ƙarfe taran dare. Satin da ya wuce na je gidan da yamma, muna zaune da matarsa aka ji makulli a ƙofa, yarinyar ta ɗan tsaya tana kallon uwarta, sannan ta ajiye abin wasanta ta tafi da gudu. Shi ya bani izinin rubuta wannan wasiƙar, sharaɗinsa kawai kar in saka sunansa.

Nagode, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani mai karatunku na kullum